Kishin Mai Tsamiya

Shekaranjiya ina tsaye bakin babbar kasuwar Maraɗi ina jiran kabu-kabun da zai maida ni unguwar Zariya, sai wani yaro ya gifta da moto, babur ke nan, an rubuta masa a baya da jan fenti: MAI KISHI SHA RUWA KA HUTA. Harafin ƙarshe ma bai samu wuri ba, sai da mai rubutun ya lanƙwaso shi ƙasa. Matar da ke kusa da ni ta fashe da dariya. Ni ban yi ba. Ban san lokacin da na ɗaga kai na dubi saman katangar da ke bayana ba, alhali rana tsaka ce, ga mutane ko'ina.

Yanzu ai kalmar nan ta zama ta kowa. Ƙofar shago za ka gan ta, bayan kamyo mai ɗaukar kaya, bangon mai cajin salula. Ƴan siyasa su buga kishin ƙasa a takarda su liƙa har jikin makewayi. Ƴanmata su rubuta wa samari wai ina kishinka, su bi shi da hoton zuciya, sannan su juya su yi barcinsu. Oho dai! Mu a gidan da na tashi ba a faɗin ta da ƙarfi, balle wani ya ɗauki fenti. A wurinmu kalmar tana da mai ita.

Kada ka ce kishin mata zan ba ka labari. Inna ita kaɗai ce wurin Baba har ya koma ga Allah. Gidanmu yana tsohuwar unguwa, can inda gari ke gangarawa wajen gulbi. Baba yana bida, wato neman kuɗi, a Abijan, sai ya yi shekara biyu ko uku bai leƙo ba. Daga ni sai Inna, sai wani tsohon tela da ke ɗinki a zaurenmu, wanda ƙarar kekensa ce ke gaya mana gari ya waye.

Tun da na buɗe ido ban taɓa jin Inna ta ce da ni ɗiyata ba. Na san za ka ce kunyar ɗan fari ce. A'a, ni ce ta huɗu. Uku sun riga ni, kuma babu wanda ya kai yaye. Ni dai sunana a bakinta "ke", in abin ya yi tsawo ta ce "ɗiyar mutane". Idan baƙuwa ta shigo ta ce, "Kai, wannan ɗiya taki ta yi wayo," sai ka ga fuskar Inna ta sake.

"Wa? Wannan? Ɗiyar mutane ce anka bar min."

Da ƙarfi take faɗa, kuma ba baƙuwar take kallo ba, saman katanga take kallo.

Kitso ita ke yi min, amma a ƙuryar ɗaki, ƙofa a rufe, ba hira. Ranar da aka yi miya da nama, tsokar da ta fi kyau a kwanona take faɗawa, tare da tsaki: "Ungo, ta yi min tauri." Ni kuwa yarinya, tsakin kawai nake ji. Maƙwabciyarmu tana da ɗiya sa'ata, kullum da hantsi sai ta ɗaga ta tana yi mata rawa, tana ta cewa tawa, tawa ni kaɗai. Nakan raɓe jikin katanga in saurara. Wallahi na tsani yarinyar nan, ba ta yi min komai ba.

Dangin Inna Anna ne, masu bin addinin gargajiya, manoma, a wani ɗan ƙauye bayan Jiratawa. Idan lakwal, makarantar boko, ta ba da hutu bayan kaka, can ake kai ni wurin Kakata. Har yau ina jin warin wurin: jiƙaƙƙiyar ƙasar fadama, ganyen albasa da aka taka, hayaƙin kara. A bakin gulbi akwai wata tsamiya, tsohuwa, mutum uku ba su rungume ta. Ba mai tsinkar ƴaƴanta, nan suke zuba su ruɓe. Awaki na kiwo har gefen inuwarta, su tsaya, su kewaye. Ba a zuwa wurin da rana tsaka. Kawu, yayan Inna, shi ke kula da ita. Ba ya salla, ba ya yawan magana, kuma duk shekara in an gama ɗaurin gero sai ya ja baƙar akuya ya nufi can shi kaɗai.

Ina da shekara tara na tsinci ɗan tsamiya guda a gefen inuwar, na kawo gida ina tsotsa. Kaka na sussuka. Tana ganin abin da ke hannuna ta saki taɓarya, ta ƙwace, ta sa yatsa ta kwakule min baki har na yi kuka. Da ta maida shi inda na ɗauko ta dawo, sai ta zaunar da ni a gindin turmi.

"Tunda kin fara kai hannu, bari ki ji. Wurin nan da mai shi. Doguwa ce, cikin iskoki, tun kakannin kakanninmu muke tare. Ita ke tsaron gona, ita ke tsaron rumbu. Ba muguwa ba ce, kishi gare ta. Abin da ta ce nata ne, ba ta raba shi da kowa."

Ta ce tun Inna na cikin tsumma mai tsamiya ta zaɓe ta. Da ta girma ta auri mutumin birni, ta kama salla, ta daina zuwa, ba a hana ta ba. Amma ta haifi na fari, ta ce ɗana, aka ɗauke shi. Na biyu haka. Ta ukun, ranar da ta yi mata rawa a tsakar gida, washegari aka rufe ta. Da Inna ta samu cikina, Kawu ya je gindin itacen ya tambaya. Aka ce za a bar ni, muddin bakin Inna bai taɓa cewa ni tata ce ba.

"Ba ta son ta ji uwarki ta ce wani nata ne," in ji Kaka. "Ubanki ma kin ga nesa ta fi mishi lafiya."

Na ce, "To Kaka, har yaushe?"

Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da sussuka.

Za ka ce da na ji wannan sai zuciyata ta huce. Ina! Yaro bai san dalili ba, abin da yake so yake so. Na gane Inna ba ƙina take ba, amma hakan bai sa na daina raɓewa jikin katanga ba.

Da na kai aji biyar hannuna ya faɗa. Faransanci muke koyo, amma a bayan kaye, littafin rubutunmu, nakan rubuta Hausa yadda kunnena ya ji ta. Da can tela ke rubuta wa Inna wasiƙa zuwa ga Baba, ita kuwa ba ta son yana jin cikin gidanmu. Wata ranar Alhamis, babu lakwal, ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Ke, an ce kin iya boko. Zo ki rubuta." Na yago takarda daga tsakiyar kaye, na ɗauki bik. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta faɗi yadda gero ya yi, ta ce ɗakin gabas yana yoyo. Can ta ce, "Ki ce mishi ɗiyar mutane tana lafiya."

Hannuna ya tsaya. Ka ji wayon yarinya: na ce a raina, ai Kaka baki ta ce, ba ta ce hannu ba. Inna ba ta karatu. Mai tsamiya kuwa yaushe ta zauna bencin lakwal? Na sunkuya na rubuta, ɗiyata tana lafiya. Na ɗaga kai na dubi saman katanga. Ƙadangare ne kawai yana gyaɗa kai. Na ninke takardar.

Kwana ya yi kwana, babu abin da ya faru. Ko mura ban yi ba. Wasiƙa ta biyu sai na ƙara gishiri: ɗiyata ta yi ƙoƙari a lakwal, raina ya yi fari. Ta ukun na saki jiki gaba ɗaya, na rubuta, ba ni da kowa a duniya sai ita. Kafin in kai wa mai tafiya, sai in zagaya bayan ɗaki in buɗe, in karanta a zuci da muryar Inna, sau biyar, sau goma. Ba zan ɓoye maka ba, duk ƙuruciyata ban taɓa jin daɗi irin na watannin nan ba. Har maƙwabciyarmu da ɗiyarta na fara gaisarwa da fara'a.

Abin da ban lissafa ba shi ne wasiƙa tana da amsa.

Cikin bazara ta zo, lokacin da zafi ke sa kwano ya ƙona hannu tun hantsi. Wani direba mutumin Tibiri ya kawo ta ina lakwal. Da ina gida ni zan karanta, in tsallake abin da zan tsallake. Amma an daɗe ba a ji daga Baba ba, Inna ta kasa jira, ta kira tela. Shi ya ba ni labari daga baya, yana rantsuwa bai san kome ba. Ya tsaya a tsakar gida, ya gyara tabarau, ya ɗaga murya yadda masu karanta wa mutane wasiƙa ke yi. Baba ya ce saƙo uku sun same shi. Ya ce ya yi murna da ya ji ta ce ɗiyata, ta ce ba ta da kowa sai ita. Ashe tsoro ya sake ta, alhamdu lillahi. Inna ta ce, "Me ka ce?" Bawan Allah ya zaci ba ta ji ba, ya sake karantawa da ƙarfi.

Na dawo da rana tsaka na tarar gidan tsit. Ba a hura wuta ba. Keken tela ya yi shiru. Inna na zaune a ƙasa cikin rana, ba tabarma, takardar na gabanta ta danne ta da dutse.

"Ke kinka rubuta?"

"Ni ce."

"Sau nawa?"

"Uku."

Ba ta doke ni ba. Da ta doke ni da ya fi min sauƙi. Ta dai yi ta kallona, irin kallon da ake yi wa mai shirin doguwar tafiya. Na kau da kai don in guje wa idonta, sai na hangi wani abu a gindin randa: reshen tsamiya, ɗanye shar, da ganyensa. Duk unguwarmu babu itacen tsamiya. Ka ce yara suka jefo, ban hana ka ba. Inna ta bi idona ta gan shi, ta kife masa ƙwarya.

Washegari na tashi da ciwon kai. Kafin la'asar wuyana ya ƙi juyawa. Aka kwantar da ni a ɗaki, ƙofa a buɗe saboda zafi, ina fuskantar katangar tsakar gida. A rana ta biyu, daidai lokacin da inuwa ke shigewa ƙarƙashin mutum, na ga mace tsaye a bayan katangar. Katangarmu ta fi tsayin namiji, amma ita a ƙugu ta tsaya mata. Baƙin zane, kai ba ɗankwali, ta ba ni baya. Ba ta motsi. Na rufe ido, na buɗe, tana nan. Sai dai duk buɗewar da zan yi, sai in ga ta ɗan juyo kaɗan. Da fari ƙeya nake gani, can na fara ganin kunne, can gefen kunci.

Na ce, "Inna, ga wata can tana juyowa."

Inna ba ta waiwaya ba. Ta kwance zanen da ta yafa ta rataye a ƙofa.

Tela ya leƙo ya ce sanƙarau na yawo a gari, a kai ni disfansar wurin likita tun da wuri. Inna ta ce za a kai, amma akwai inda za a fara biyawa. Da sassafe aka samo amalanken jaki. Maƙwabciyarmu, wadda na daɗe ina jin haushinta, ita ta hau ta ɗora kaina a cinyarta. Inna a ƙasa ta bi mu, tun daga Maraɗi har bayan Jiratawa, ba ta taɓa ni ba ko da yatsa. Duk ramin da amalanken ya faɗa sai in ji kamar an sara min wuya. Idan na buɗe ido sai in gan ta tana tafe, takardar Baba a dunƙule a hannunta.

Rana na tsaka muka isa. Kawu ya karɓi takardar da yatsa biyu, ya juya ta, shi ma ba ya karatu. Kaka ta ce masa yarinya ce ta rubuta, ba uwar ba.

Ya ce, "Na ji. Mai tsamiyar ma ba ta karatu. Amma an karanta mata."

Ya kamo baƙar akuya. Aka shimfiɗa ni a inuwar da ko dabba ba ta shiga. Cikin wannan zafin na bazara, jikina na ci da wuta, sanyin wurin sai da ya shige min ƙashi. Aka yanka akuyar, na ji warin jini da na ruɓaɓɓiyar tsamiya. Sannan Kawu ya ce Inna ta matso. Matar da ban taɓa ganin salla ta wuce ta ba, ta tuɓe takalmi, ta tsaya gaban itace.

"Ba tawa ba ce," ta ce. "Takarda ta yi ƙarya, bakina bai faɗa ba."

"Ƙara, ba a ji ba."

"Ba tawa ba ce. Ban san ta ba."

"Ƙara."

Ta yi ta faɗa har muryarta ta dushe. Ina kwance taku uku daga ƙafarta. Daga ƙarshe ta ɗaga kai sama ta ce, "Ko ta rayu ko ta mutu, ba ruwana." Babu iska ko kaɗan, amma sai ganye ya fara zubo mana, ƙanana-ƙanana, har ya rufe min fuska. Kawu ya ce ya isa. Ya tona gindin itacen ya binne takardar cikin jinin.

Daga nan ba a tsaya shan ruwa ba, aka wuce da ni disfansar. Na sha allura har mazaunaina suka kumbura. Kwana tara na yi kafin in iya zama. Da na tashi, sai na lura in an yi magana ta hagu ba na ji. Kunnen ya mutu murus. Likita ya ce aikin sanƙarau ne, in gode Allah da abin ya tsaya nan. Kawu ya ce an karɓi kunne an bar rai. Ni yau shekara kusan talatin ina koyarwa a lakwal, na san ciwo, na san rigakafi, ƴaƴana babu wanda allura ta wuce. Ka ɗauki wanda ya yi maka cikin maganar mutum biyun nan. Abin da na sani shi ne, maganar ƙarshe da na ji da kunne biyu ita ce ba ruwana.

Ban sake rubuta wa Inna wasiƙa ba, ita ma ba ta sake tada zancen ba. Na riƙe ta a zuciya shekaru da yawa, Allah ya yafe min. Na san don me ta faɗa, na san da wace ƙafa ta taka hanyar nan, amma sanin bai hana abin ci na ba. Na yi aure, na haihu, ta zo wankan jego, a gaban dangin mijina ma ɗiyar mutane ce ni. Suka yi dariya, suka ce tsohuwa akwai barkwanci.

Kaka ta rasu, Kawu ya bi ta. Ƴaƴansa duk masallata ne yanzu, babu mai jan akuya zuwa ko'ina. Fadamar ta cika da injin ban ruwa, ƙararsu ba ta barin ka ji tsuntsu. Da na je gaisuwa shekarun baya, na tarar tsamiyar na nan tsakiyar gonakin tattasai. An nome ko'ina, har bakin hanya, amma an bar mata fili mai faɗi kewaye da ita, ko ciyawa ba a taɓa ba. Na tambayi samarin, suka ce ai inuwa ce ke ɓata shuka. Na ce to.

Na gaya wa Inna babu mai yanka kuma, an daina. Na zaci za ta ji sanyi. Sai ta ce, "Wanda anka daina ba abinci, shi ya fi sa ido."

Bara jikinta ya ƙi, na ɗauko ta na kawo ta gidana a Zariya. Wata rana bayan azahar ina shafa mata mai a ƙafa, ta yafito ni. Na matsa. Ta kama kaina da hannu biyu, hannun duk ƙashi. In ban da kitso, ba ta taɓa riƙe kaina haka ba. Na miƙa mata kunnen dama yadda na saba yi wa kowa. Ta ƙi. Ta juya kaina a hankali, da gangan, har ta samu na hagun, ta kafa bakinta a kai.

Ta daɗe tana magana. Ina jin ɗumin numfashinta, ina jin leɓenta na motsi a fatata, wani wuri ta tsaya ta huta ta ci gaba. Ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Juyi kaɗan ya rage min, ɗan kaɗan, hannunta ba shi da ƙarfin hana ni. Shekara arba'in da wani abu nake jiran wannan magana. A tsakar gida ina jiyo ƴaƴana, autar tana dariya, ko aji uku ba ta kai ba. Rana ce tsaka, taga a buɗe. Ni malamar lakwal, mai rigakafi, na runtse ido don kada in ga saman katanga, na riƙe wuyana yadda ta ajiye shi. Ban juya ba.

Da ta gama ta sake ni, ta dube ni, na gyaɗa mata kai. Bayan kwana biyu ta cika.

Ashe autar ta leƙo ta gan mu ranar. Bayan an share makoki ta zo ta zauna kusa da ni ta ce, "Mama, me Kaka ta gaya miki a kunne?" Na ce mata ban ji ba, kuma ban yi mata ƙarya ba.